Mindar Boma da ke Gidanmu

Ƙaura Namoda,
19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki da yara duka. Yaya aiki, yaya ruwan bana a wajenku? Ina fata tarin da ya dami jikata Mubaraka ya sake ta. Ni da sauƙi, sai gwiwoyi da ba su son safiya, da shirun gida. Tun rasuwar mahaifiyarki shirun bai taɓa yi mini nauyi ba kamar yanzu da aka katse mana layin waya. Shi ya sa na koma ga biro, zan ba direban motar Zariya ya kawo miki.

Jiya ɗan'uwanki Alhaji Armiya'u ya zo da tawaga, turarensu ya cika zaure har na yi atishawa. Rabona da shi tun babbar salla, ko da yake ba zan ɓoye alherinsa ba, gidan nan nasa ne, kuma kullum kwano yana zuwa daga gidansa. Labarin da ya kawo shi ne, bayan kaka hakimin ƙasarmu zai naɗa shi Sarkin Yaƙi. Armiya'un da kika sani, wanda in za a yanka kaza sai ya kau da kai. Hujjarsa ita ce kakanku Sha'aibu ya je yaƙin Boma ya dawo da minda, wato lambar nan ta tagulla mai kamar tauraro da ke hannuna. Yana so in ba shi ita ya rataya ranar naɗi, in kuma rubuta tarihin Baba in sa hannu, tunda ni kaɗai na rage cikin 'ya'yansa maza, a buga a ɗan littafin da za a raba wa baƙi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. An daɗe ba a nemi wani abu a wurina ba. Suna fita na ɗauko mindar na goge ta da toka da lemun tsami.

Matsala ɗaya ce. Armiya'u ya je Gusau neman takardar shaida a wajen masu kula da sha'anin tsofaffin sojoji, suka ce irin wannan mindar ba a rubuta suna a jikinta, don haka sai ya kawo lambar soja ko littafin sallama. Ni kuwa ban taɓa ganin littafin ba, Baba ba ya fito da shi. Amma akwatinsa na ƙarfe yana Zurmi wajen Adda Gimbiya, yayata. Jibi zan bi motar safe in Allah ya yarda. Kada ki tashi hankalinki game da hanya, ba zan kai la'asar a kanta ba.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Mu'azu Sha'aibu

Ƙaura Namoda,
26 ga Satumba, 2021.

Ɗiyata Lubabatu,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ina fata kuna lafiya, kuma wasiƙata ta farko ta iso. Na je Zurmi na dawo lafiya, Adda tana gaishe ki. Amma na dawo da labari mai nauyi.

Na sami littafin a ƙasan akwatin, an naɗe shi cikin tsohon rawani. Ɗan ƙarami ne, gara ta ci gefensa, amma rubutun yana nan. Na sa tabarau na zauna a bakin ƙofa. Suna: Sha'aibu Maigari. Gari: Tungar Maigari, ƙasar Shinkafi. Lambar soja ga ta raɗau. Har na ce alhamdu lillahi. Sai na juya shafin da Turawa ke siffanta mutum don kada wani ya karɓi haƙƙin wani. Tsawo: ƙafa biyar da inci huɗu. Fuska: tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Hannun hagu: babu ƙaramin yatsa.

Lubabatu, ke ba ki riski kakanki ba, amma kin ga hotonsa. Sai ya sunkuya yake shiga zaure. Fuskarsa sumul, mu ba ma tsaga. Yatsunsa goma cif, na sha marinsu. Wanda aka siffanta a shafin nan na san shi. Nomau ne, Bagobirin da ke yankan ciyawar dokin Baba, wanda lauje ya cire wa yatsa tun yana yaro.

Na karanta wa Adda, ina tsammanin za ta firgita. Dariya ta yi har goro ya sarƙe ta. Ta ce ashe duk bokona sai yanzu na sani? Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ta faɗa. Lokacin yaƙin Hitila Bature ya yanka wa kowane mai gari adadin samarin da zai bayar, aka kuma rubuta sunan Baba a ciki don a nuna wa talakawa misali. Sai kakanmu Maigari ya kira Nomau, ɗan baran gidansa, ya ce daga yau in an kira Sha'aibu kai za ka amsa. Aka sa shi a jirgin ƙasa a nan Ƙaura. Baba kuwa aka tsallakar da shi ƙasar Faranshi, wajen dangin uwarsa a gefen Maraɗi, ya yi shekara uku yana shan fura da nono. Adda tana can tare da shi tana yarinya, ta ce har ƙiba ya yi. Da aka gama yaƙi, mutanen Maigari suka tari Nomau a tasha, suka kai shi bayan shagon gyaɗa, suka tuɓe masa kaki da takalmi, suka karɓe littafin da mindar, suka ba shi tsohuwar taguwa. Baba ne ya shiga gari cikin kakin, ana kiɗa ana guɗa. Adda ta ce wandon ma bai kai masa idon sawu ba, kuma kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda take ba da labarin, kamar wata dabara ce ta manya da ya kamata a yi alfahari da ita. Ta ce to da wa za a tura, ɗan gida? Ta ce ai an yi wa Nomau aure, an ba shi gona, me kuma yake nema?

Na tuna yadda Baba ke zama a zaure yana ba mu labarin dajin Boma, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke shiga takalmi. Ashe a bakin mai yankan ciyawarsa ya tsince su. Har ɗingishi yakan yi in baƙi sun zo.

Ni ma ban fita ba. Nomau in ya ji jiniyar jirgi ko tsawa yakan jefar da dami ya kwanta rub da ciki yana rawar jiki. Mu yara sai mu bi shi muna kwaikwayon faretin soja muna ihu, lefirai, lefirai, sojan ciyawa. Ni ne mai fara waƙar. Ranar da ya ce mana shi ya je Boma, na jefe shi da ɓawon kankana, na ce ƙarya yake, Babana ne. Ya ɗauki daminsa ya tafi.

Shekaranjiya na kira Armiya'u na nuna masa shafin. Ya duba kamar mai duba takardar tsire. Ya ce, Baffa, su fa lamba kawai suke so, wa zai karanta tsagar fuska? Ya ce in ta dame ni sai a cire shafin, ai gara ta riga ta fara. Sannan ya tambaye ni ko abincin yana isowa a kan lokaci, ko rufin ɗakin yana yoyo. Na gane abin da yake nufi. Ya ba ni zuwa Juma'a in kawo tarihin da sa hannuna.

Adda ta ce Nomau ya bar ɗiya ɗaya, Saratu, tana aure a wajen Galadi, amma 'yan bindiga sun tashe su, yanzu tana Shinkafi. Ban san abin da zan yi ba. Shekarata saba'in da huɗu, ba ni da wani ɗakin.

Ki sa ni a addu'a. Ki gai da maigidanki.

Mahaifinki,
Mu'azu

Ƙaura Namoda,
11 ga Oktoba, 2021.

Lubabatu ɗiyata,

Sallama da gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga saƙonki da maganin gwiwa, Allah ya saka da alheri. Na kuma ga inda kika ce in yi haƙuri in sa hannu tunda duk sun mutu. Na san tausayina ne ya sa kika faɗa. Amma ba duka suka mutu ba.

Na zauna da takarda har sau biyu. Na rubuta "Marigayi Sha'aibu Maigari ya kasance jarumi", sai na ji kamar na haɗiyi ƙuda. Ranar Alhamis na sa mindar da littafin a aljihu na bi ayarin motocin Shinkafi.

Na sami Saratu a wani kangon shago, ita da surukarta da jikoki, an kare ƙofa da buhu. Gajeruwa ce kamar ubanta. Da na faɗi sunana ta durƙusa har ƙasa tana ce mini ranka ya daɗe, ɗan Maigari. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta tashi, na ba ta labarin duka, har da ɓawon kankana, na ajiye mata mindar a tafin hannu.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce Babanta ya sha faɗa musu, har ranar da zai rasu yana faɗa, amma ita kanta ba ta taɓa yarda ba. Ta ce da bakinta ta gaya wa 'ya'yanta cewa kakansu yana da taɓin hankali, kada su kula shi. Sai ta rufe fuska da gyale.

Da ta natsa ta aika aka kira maƙwabta, mutanen Galadi da ke zube a kangayen, ta ce in karanta musu littafin da ƙarfi. Na miƙe da sandata. Layin farko kuwa sunan Baba ne. Shekara talatin da biyar na yi ina akawun jirgin ƙasa ban taɓa karanta wa mutum abin da ba shi ne a rubuce ba, amma ranar na ce, Suna: Nomau. Na karanta lambar, da tsawon, da tsagar, da yatsan, da ranar da ya sauka daga jirgin ruwa a Ikko. Wani tsoho ya ce, shi ne, wallahi shi ne. Na bar mata littafin da mindar duka.

Da Armiya'u ya ji, bai zo da kansa ba. Ya aiko a ce mini tsufa ya taɓa mini kai, na tozarta ubana a gaban 'yan gudun hijira. An ce ya riga ya sa an sayo masa wata mindar a wajen masu tsofaffin kaya a Kano, har da ƙarin biyu, wani malamin makaranta kuma ya rubuta masa tarihin, inda Baba ya kama Japanawa bakwai da hannu. Naɗi yana nan yadda aka shirya. Takardar Gusau ce kawai ba zai samu ba, ya ce dama ba dole ba ce.

Kwano bai zo ba tun ranar Asabar. Maƙwabciyata Lami ce ke miƙo mini koko. Jiya kuma magina sun zo sun auna ɗakina, wai Alhaji zai mai da shi wurin saukar baƙin naɗi, in kwashe kayana kafin ƙarshen wata.

Ina yi wa Baba addu'a har yanzu bayan kowace salla, ubana ne. Sai dai yanzu ina fara ambaton Nomau, ina roƙon Allah ya sa ya yafe mana.

Kin sha ce mini in dawo Zariya ina ƙi, ina cewa ba zan bar ƙasar ubana ba. Ki tambayi maigidanki in har yanzu akwai wuri. Kayana ba su da yawa, akwati ɗaya ne da buta da tabarma. Zan biyo direban nan ranar Litinin ta sama.

Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Mu'azu