Bakina Ne Ya Ba Sharifu Aikin Delege

Birnin Ƙonni,
9 ga Nuwamba, 2006.

Zuwa ga Yayata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Ɗanjuma da yara gaba ɗaya. Yaya Kumasi, yaya kasuwa, yaya kuma gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare ku da tsarewarsa, ya sa mu gana da alheri. Mu a nan lafiya lau muke. Na je Dogarawa da salla, na tarar da Inna garau, sai dai faɗan nan nata da kika sani, wanda ba ya tsufa. Gero ya yi kyau bana, an cika rumbu har an nemi aron na maƙwabta. Baba Malami, ƙanin mahaifinmu, idonsa ya yi sauƙi, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Matata Fadimatu tana nan tana fama da ni, 'yarmu Samira kuwa ta shiga lakwal, makarantar boko, kullum sai ta dawo ta gyara mana Faransancinmu.

Na so in kira ki ta waya, amma kin san telesantar ɗin unguwarmu: mai wurin yana zaune kusa da kai kamar shi aka kira, kafin la'asar rabin Ƙonni ta ji abin da ka faɗa. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban motar albasa ya kawo miki. Maganar kuwa ba mai daɗi ba ce, kuma gara in faɗa miki ita tun daga farko. Yaya, ƙyashin Sharifu nake yi. Sharifun Baba Malami, wanda kika goya, wanda na koya wa ɗaura tazuge. Na yi istigfari har na gaji, abin bai bar ni ba.

Kin san shekarata tara ina sayar da magani a farmasi. Kin kuma san tun yaushe nake son aikin delege, wato mutanen nan da kamfanonin magani ke ɗauka su riƙa bin likitoci da farmasi-farmasi suna tallar maganinsu, da karabati a wuya da jaka a hannu. Sau huɗu ina kai dosiye, wato takardun neman aiki. Na farko suka ce ba ni da lasin tuƙi, na je na yi. Na biyu suka ce sai wanda ya yi shekara biyu yana aikin, ban san inda mutum zai samo shekara biyun ba in kowa ya ƙi ɗaukarsa. Na uku wani ɗan babban mutum ya zo da takardar ƙasar waje, ko zama ba a ce mu yi ba. Na huɗu har yau ba su amsa ba. Mai hoton bakin tasha ya haddace fuskata, da ya hango ni sai ya fara tambaya ko guda huɗun nan ne na kullum.

To, a watan Yuni wani kamfani ya ce yana neman mutum ɗaya da zai riƙe masa Ƙonni da Malbaza. Na ce wannan karon ai nawa ne, don babu majon asibiti ko ungozoma a yankin nan da ban san rubutun hannunsu ba. Lokacin Sharifu yana da shekara biyu a ƙarƙashina. Tun da aikinsa na rubuta lambar motocin siminti a Malbaza ya ƙare Baba Malami ya kawo mini shi, ni na roƙi mai farmasinmu, Madam Hindu, ta ɗauke shi, ni na koya masa bambancin maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Da Baba Malami ya ji zan tafi Yamai kai takarduna sai ya ce in haɗa da takardun yaron, ko ba komi ya ga yadda ake yi. Wa zai ce wa Baba a'a? Da hannuna na cika masa dosiyen. Karabatin da ya ɗaura ma nawa ne, mai ruwan ƙasa, na ba shi na riƙe baƙin.

A buron kamfanin mutum uku ne suka zauna mana, mace ɗaya a tsakiya, ita ce shugabar masu tallar. Duk abin da suka tambaye ni a kan magani na amsa, har na ga ɗaya daga cikin mazan yana gyaɗa kai. Can sai matar ta ajiye biro ta ce in faɗa mata dalilin da zai sa su ɗauke ni su bar sauran. Yaya, don Allah wa ya taɓa koya mana wannan? A gidanmu in ka ce ka iya abu, marigayi Baba kallo ɗaya zai yi maka ka haɗiye sauran maganar. Na sunkuyar da kai, na ce ni dai ina iya ƙoƙarina, sauran kuma su ne manya, su za su duba, Allah ne masani. Ban ga ta rubuta komi ba. Daga nan ta duba takardun ta ga garinmu ɗaya da Sharifu, sunan kakanmu ɗaya, ta ce to shi fa, yaya na gan shi?

Nan ne bakina ya buɗe. Kin san ba a rage ɗan'uwa a gaban baƙi, ko da kun kwana kuna faɗa. Na ce yaro ne mai kaifin kai, abin da aka nuna masa sau ɗaya ya zauna. Na ce ba ya jin nauyin kowa, zai iya shiga wurin babban likita ya fito suna dariya. Na ce ko an zage shi ba ya fushi, ya san kowace hanya daga Dogarawa zuwa Malbaza har da ta damina. Ina magana tana rubutu, har ta juya shafi. Na fito raina fes, ina jin na yi zumunci, har ina tunanin yadda zan lallashe shi in an ɗauke ni an bar shi.

A mota muna dawowa yake ba ni labarin nasa shigar, yana dariya yana cin gyaɗa. Wai da aka yi masa tambayar sai ya dubi matar ido cikin ido ya ce duk cikin waɗanda ke zaune a waje babu wanda zai sayar musu da magani kamarsa. Da aka tambaye shi ni kuma, sai ya ce yayansa ai ba shi da na biyu a bayan kantar farmasi. A bayan kanta, Yaya! Ya ajiye ni inda ya same ni, ya kuma sa mini kujera. A lokacin ban ma gane ba, har na ji daɗi. Bayan sati uku wayar farmasi ta yi ƙara, ni na ɗauka, aka ce daga Yamai ne, ana son magana da Malam Sharifu. Ni na je na kira shi daga ɗakin ajiya.

Yanzu in kin gan shi ba za ki gane shi ba. Kamfani ya ba shi moto ja, babur sabo fil, da salula, ga turare da ke riga shi shiga ɗaki. A Dogarawa likita suke ce masa. Matan da na yi shekaru ina karanta wa takardar asibiti, yanzu wucewa suke yi ta gabana su kai masa. Abin da ya fi ci mini rai, ranar salla Inna da kanta ta fito da maganin hawan jininta, wanda shekara biyar ni nake kai mata, ta miƙa wa Sharifu wai ya duba ko mai kyau ne. Ya jujjuya kwalin ya ce ba laifi. Inna ta ce alhamdu lillahi, yanzu hankalinta ya kwanta. Ina zaune a wurin, da loma a hannuna.

Duk wata kuma sai ya zo farmasinmu talla. Ya zauna a kujerar baƙi, ya buɗe jaka, ya riƙa zuba wa Madam bayanin da ni na koya masa, har da misalin da nake yi na rijiya da guga in ina kwatanta yadda magani ke aiki a jiki. Akwai sunan wani magani da har yau bai iya faɗa daidai ba, Madam kuwa sai gyaɗa kai take yi, sannan ta waiwayo ta ce in kawo wa baƙo ruwan sanyi. Ba zan ɓoye miki ba, in na fita sai na dubi tayar moton nan ko Allah ya sa ta yi faci. Ba ta taɓa yi ba. In na koma gida Fadimatu ba ta tambayata, da ta ga na ture tuwo ta san Sharifu ya zo. Ni da nake ganin kaina mutumin kirki, ashe dai ba a taɓa gwada ni ba ne.

Yanzu ga inda maganar take. Kamfanin nasu zai ƙara mutum ɗaya da zai riƙe Illela da Tajaye, ƙarshen watan nan za a rufe karɓar takardu. A bakin wani delege na ji, shi ne kuma ya ce an umarci ma'aikatan kamfanin kowa ya ba da sunan wanda ya yarda da shi. Na yi sati biyu ina jiran Sharifu ya zo mini da albishir, shiru. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gida bayan masallaci, ya kawo wa Samira biro biyu masu sunan kamfani, ya ci abinci, ya yi ta hira a kan tsadar mai. Da ya tashi na raka shi har bakin moto, na danne zuciyata na tambaye shi ko ya ba da sunana. Ya daɗe yana wasa da makulli. Sannan ya ɗago, babu dariyar nan tasa, ya ce: “Yaya Isiyaku, ban ba da ba, kuma ba ni badawa. In ka shigo, wata shidda ya ishe su su gane wa ya san aikin ga. In sunka tashi rage mutum, ni za su kora.”

Ya hau ya tafi, na tsaya a rana kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Kuma kin san abin kunyar? Daɗi na ji. Shekara tara babu wanda ya taɓa faɗa mini na iya, sai ga shi na ji daga bakin wanda ya rufe mini ƙofa. Na shiga gida ina fushi ina murmushi, har Fadimatu ta taɓa goshina.

Don haka ga roƙona. Wurin Illela ba a ba da moto, sai mai abin hawansa za a duba. Na san moton Alhaji yana nan a ɗakin gidansa na Ƙonni, an lulluɓe shi da tabarma tun tafiyarku. Ki roƙar mini shi aro, ke kin san lokacin da ake yi masa magana ya ce to. In ya yarda, ya aiko wa mai gadin gidan da saƙo kafin ashirin da biyar ga wata, in samu in gyara shi in sa takardarsa cikin dosiye. Zan kula da shi fiye da yadda nake kula da kaina. In kuma na rasa wannan, na daina. Shekaruna sun kusa wuce abin da suke ɗauka, sai in zauna a bayan kantar har ta ga furfurata.

Don Allah kada Inna ta ji, balle Baba Malami. In ya ji zai kira Sharifu ya tilasta masa, yaron ya ba da sunana yana kuka a zuci, gida kuma ya rabu biyu a kaina. Ba na son aikin ta wannan hanya. Ni kaɗai zan tafi Yamai, ko rakiyar tasha ba na so. Kullum bayan la'asar Fadimatu tana zama a kan turmi ta zama matar kamfani, ni kuma in tsaya in yabi kaina. Jiya na kai har “babu kamata a Ƙonni” kafin muryata ta shige, ita kuma ta faɗi ƙasa don dariya. Wannan ina ganin zan iya, in na rufe ido na tuna Baba ba ya nan. Abin da nake tsoro ɗaya ne. Matar nan za ta sake tambayata yaya na ga Sharifu, kuma na bincika zuciyata sarai, da duk ƙyashin da ke cikinta, ban samu abin da zan canja a maganata ta farko ba. Yaron ya iya aikin, Yaya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ki gaishe mini da Alhaji Ɗanjuma da kyau, ki fara da gaisuwar kafin maganar moto. Ki gaida Maryam da Muhammadu da auta Tsahara, ki ce kawunsu yana sa musu albarka. Inna tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare. Fadimatu da Samira suna gaisuwa. Ki sa ni a addu'a, ba ta aikin kaɗai ba, har da ta wankin zuciya. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Isiyaku.