Sun Ce Kada Ɗana Ya Sake Shiga Ɗakin Karatu

Goggo Saudatu, sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana goma sha biyu ke nan abinci ba ya wuce mini maƙogwaro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wanga zance a garin nan bai kai shi gaba ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni mutuniyar Dareta ce, amma shekara shida ke nan muna cikin garin Anka, tun da zaman ƙauye ya gagara. 'Ya'yana uku ne a raye: Ɗantani mai shekara goma sha bakwai, Rufaida mai shida, da auta Salim. Shekarar da gubar dalma ta ci yara a garinmu, Ɗantani yana da shekara biyu. Maigidana ke kawo duwatsun zinariya a buhu, ni in daka a tsakar gida, yaron yana goye a bayana. Yayarsa kwana uku ta yi ta cika. Shi kuwa ya yi ta jijjiga har muka fid da rai, likitocin da suka zo suka yi ta fama, Allah ya bar mana shi. Amma kansa bai dawo ba. Yau ya fi ubansa tsawo, gashin baki ya fara tsiro, hankalinsa kuwa na ɗan shekara huɗu ne.

A unguwarmu akwai wata tsohuwar malamar firamare, Malama Yalwa. Da ta yi ritaya sai ta mai da shagon ƙofar gidanta ɗakin karatu, ta tara littattafai masu hotuna, kowace Asabar da hantsi tana karanta wa ƙananan yara labari. Ɗantani ke raka ƙannensa. Da farko a taga yake tsayawa, sai wata rana ta ce ya shigo ya zauna a baya. Goggo, wata bakwai yana zuwa, yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ko na cin tuwo ya koma yana naɗe ƙafa awa guda. Ya daina bin kasuwa yara suna jifansa. Akwai wani littafi na akuyar da ta shiga kwalekwale, ya haddace shi kaf, yana bin rubutun da yatsa kamar mai karatu, ko da yake ko baƙi ɗaya bai sani ba. Ran da ya karanta mini shi a bakin murhu sai da tuwona ya kama.

Asabar ɗin waccan Malama ta shirya ranar iyali, ta ce kowane yaro ya zo da iyayensa ya karanta musu shafi ɗaya. Na yi dambu na kai, wasu suka kawo zoɓo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza gefe, mata gefe. Rufaida mako biyu tana bitar shafinta. Maigida ya ce in bar Ɗantani a gida saboda taro, na ƙi. Shi ma bai zo ba, ya tafi kabu-kabunsa.

Malama ta fara da labarin akuyar nan. Da aka zo inda akuyar ta faɗa ruwa, Ɗantani ya miƙe yana kukan akuya, ya sunkuci wata yarinya 'yar shekara uku da ke kusa da shi ya ɗaga ta sama, wai kada ruwa ya ci ta. Haka yake yi wa Salim a gida, su yi ta dariya. Yarinyar ta tsala ihu. Uwarta ta fizge ta, ubanta ya taso ya hankaɗe shi, ya faɗa kan benci, leɓensa ya fashe. Ya zauna a ƙasa yana kuka da ƙarfi yana kiran Inna, yara suna dariya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Yana kirana, ni kuwa na ja hijabi na rufe fuskata. Ban tashi ba. A raina na so a ce ba wanda ya san ni na haife shi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai da na ga Malama da tsufanta tana ƙoƙarin ɗaga shi, sannan ƙafafuna suka motsa. Taro ya watse, Rufaida ba ta karanta shafinta ba.

Bayan kwana biyu Malama ta zo gida, idonta ja. Ta ce gida biyar sun ce in Ɗantani ya sake shiga za su janye 'ya'yansu, ta roƙe ni in yi haƙuri. Maigida ya ce dama ya faɗa, a cire yaran duka, ba ya son a sake ambaton wurin. Rufaida ta ce ita ba ta son Ɗantani ya zama yayanta. Na mare ta, abin da ban taɓa yi ba, kuma na san abin da ta faɗa da baki shi na yi da hijabina. Ɗantani kuwa Asabar da ta wuce ya sa hularsa tun da sassafe ya tsaya a zaure riƙe da takalman Salim, har azahar.

Goggo, in je in yi faɗa da mutanen nan, ko in bi maganar maigida? Kuma uwar da ta daka wa ɗanta guba da hannunta, ta zo ta ji kunyarsa a bainar jama'a, wane suna gare ta?

Wata uwa, daga Anka

AMSA

Ɗiyata, sunanta uwa, wadda ta gaji. Shekara goma sha biyar kina ɗauke da wannan kaya, kika sunkuya sau ɗaya, kuma kika tashi. Ki nemi gafarar Allah ki wuce wurin. Batun daka kuwa, kin daka ne don ku ci abinci, ba ki san akwai guba a dutsen ba, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Ki daina yi wa kanki shari'ar da Mahaliccinki bai yi miki ba.

Kada ki je faɗa. Hankaɗe ɗanki da aka yi bai dace ba, amma ki tsaya a inda uban yarinyar ya tsaya: bai san tarihin Ɗantani ba, ƙato ya gani ya ɗaga 'yarsa tana ihu. Ku je gidansu ke da maigidanki, ku duba yarinyar, ku ba da haƙuri, ku faɗa musu abin da ya sami ɗanku. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malama Yalwa ma kada ki riƙe ta a rai, ita ce ta buɗe masa ƙofa lokacin da kowa ke korarsa.

Zan faɗa miki gaskiya ko da ɗaci: mai yiwuwa Ɗantani ba zai koma cikin ƙananan yaran nan ba. Hankalinsa ya tsaya, jikinsa bai tsaya ba, kuma wata rana zai iya ji wa yaro ciwo da ƙauna tsantsa, ko a yi masa dukan da ya fi wannan. Amma rabuwa da ajin ba rabuwa da littafi ba ne. Ki roƙi Malama ta ware masa ko rabin awa a wata rana, kina zaune a wurin, ta kuma riƙa ba ku aron littafi. Ki faɗa masa ranarsa ta sauya, ki maimaita har ya riƙe, kada a bar shi yana jira ba bayani.

Rufaida da Salim su ci gaba da zuwa, ke ki raka su. Cire su hukunci ne kan laifin da ba su yi ba, kuma yarinyar za ta ɗora shi a kan yayanta har ta girma. Ki ba ta haƙurin marin nan da bakinki, ki zaunar da gidan gaba ɗaya ta karanta shafinta.

Maigidanki kuwa, ina zaton zafinsa ciwo ne irin naki, tunda shi ya ɗauko buhunan. Ki same shi cikin sanyi, ba a gaban yara ba. Ki ce masa yanzu ɗansa uba yake buƙata, wanda zai riƙa tafiya da shi masallaci, ya koya masa wa ake taɓawa da wa ba a taɓawa, ya nema masa ɗan aikin hannu a kusa da shi. Ku kuma mayar da shi asibiti a sake duba shi. In maigidan ya ƙi saurara, ki sa babban da yake jin nauyinsa.

Ba zan ce miki abin zai yi sauƙi ba. Amma ki ci abinci, ɗiyata, mutum uku ne ke kallon hannunki. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya jiƙan wadda kika rasa, ya tsare Ɗantani daga hannun wanda bai san shi ba.

Goggo Saudatu