Tambayoyi Goma na Sista Rose

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau na je asibitin Birnin Kudu, wata bakwai ke nan da gama allurar kemo, maganin ciwon daji. Na zaci likita zai danna cikin kamar kullum, ya ce a ɗebi jini. Sai ga wata nas, Sista Rose, ta miƙo mini takarda mai tambayoyi goma. Wai daga yanzu ba sai na riƙa tasowa daga Basirka duk wata ba. Kowace Litinin in cike, ta kira ni a waya in karanta mata. Likita sai bayan wata uku, "sai dai in amsoshinki sun ce a zo."

Shekara goma sha tara ina koyarwa a firamare. Na san ma'anar a ba yaro aiki a ce ya je can ya yi. An gaji da shi ne.

Ciwon daji a ƙwan mahaifa, an yanka ni a Kano an kwashe komai, gashi ya zube ya sake tsirowa. Ƙarshenta takarda.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na karanta ta a tsanake. Kumburin ciki. Saurin ƙoshi. Yawan fitsari. Ciwon mara. Bayan gida. Gajiya, barci, fargaba. Ta taran ba zan ma kwafe ta nan ba, tsakanina da maigidana Malam ce, ina ruwan asibiti?

Wa ke karanta amsoshin? Ina ake kai su? Mutanen garin nan nawa ke aiki a can?

Kuma ban manta A'i ba, ta Yalwan Damai, wadda gadonta ke kusa da nawa lokacin kemo. Ita aka fara ba takardar nan. Baiwar Allah, komai ta ji sai ta faɗa. Aka kira ta asibiti cikin azumi, ba ta ga babbar Sallah ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Ta kira ƙarfe goma daidai. Babu, babu, babu, har goma. Ta ce, "Malama, kin tabbata?" Na ce ni na fi kowa sanin jikina.

Litinin, 28 ga Yuli

Babu goma. Hedimasta ya ce in an koma hutu a Satumba aji huɗu nawa ne, in dai na warware. Na ce na warware.

Laraba, 6 ga Agusta

Siket ɗin da tela ya ɗinka mini da Sallah ya ƙi rufuwa. Ƙiba ce. Damina ce, ga dafaffiyar gyaɗa, ga masara.

Sai dai ban ci gyaɗar ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Loma huɗu na yi na ture kwanon. Zahara'u, ƙanwata da ke zaune wurina tun aikin da aka yi mini, ta dubi tuwon ta dube ni. "Yaya, jiya ma haka kika yi." Na ce miyar ce ta yi gishiri. Ta ɗanɗana a gabana, ta sake dubana. Kallon nan nata ban so shi ba.

Takardar tana cikin jakata. Da na dawo daga banɗaki na ga kamar an taɓa zif ɗin.

Litinin, 18 ga Agusta

Na fara babu, babu, Sista ta tsayar da ni a ta uku. Abin da na riƙe daga maganarta: "Malama, mako biyar ke nan ba ki taɓa gajiya ba, ba ki taɓa rasa barci ba. Ni da ba a yi wa aiki ba ban kai ki lafiya ba." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai ta ce, "Tuwo malmala nawa kike ci yanzu?"

Tambayar nan ba ta cikin goman. Wa ya gaya mata maganar tuwo?

Na kashe wayar. Na ce wa Malam sabis ne ya ɗauke.

Talata, 19 ga Agusta

Na tare Zahara'u a madafa. Na ce ashe 'yar rahoto nake ciyarwa, nawa suke ba ki? Ta rantse da Allah ko lambar matar ba ta da ita. Ta miƙo wayarta in duba, kuma na duba, Allah Ya yafe mini. Babu komai. Amma ai ana gogewa.

Ta yi kuka. Ta ce, "Ni da na yi wata biyu ina kwana a tabarmar asibiti, ni ce yau abin zargi?" Ta haɗa kayanta ta tafi Gwaram wurin Dada, mahaifiyarmu.

Malam ma na fara lura da yawan fita waje da yake yi in zai amsa waya.

Juma'a, 22 ga Agusta

Ruku'u ya gagara. A zaune na yi la'asar.

Lahadi, 24 ga Agusta

Na ɗauki takardar da fensir, wai in gwada kawai, in ga yadda za ta kasance in da gaskiya na rubuta. Kumburi, e. Saurin ƙoshi, e. Fitsari, e, sau nawa ma. Mara, e. Fargaba. Nan na daɗe.

Bakwai cikin goma. Da ɗalibi ne na ce ya ci jarrabawa.

Ba don aji huɗu nake ɓoyewa ba, na sani. Warin ɗakin kemo ne, da amai, da tsintar gashi a matashi. Da gadon A'i.

Litinin, 25 ga Agusta

Na yi niyyar gogewa kafin ƙarfe goma. Ban samu abin gogewa ba, malamar makaranta guda. Da ta kira na karanta abin da ke gabana. Ba ta ce "ai na faɗa" ba. Cewa ta yi, "Na gode, Malama. Gobe ki zo da safe, kada ki bi layi, ki neme ni."

Na ce wa ya kai mata rahotona? Ta ce babu kowa. Mai wannan ciwon in ta ce ba ta da komai, tuwo take tambayarta, don mutum yakan ɓoye ciwo amma ba ya iya ƙarya a kan malmala.

Ban sani ba. Wataƙila.

Laraba, 27 ga Agusta

Jiya muka je. Jini, hoton ciki. Ruwa ne ya taru. Sun zuƙe shi da allura, roba biyu da rabi, ina kallo. Likita ya ce ciwon ya motsa, za a mayar da ni Kano a sake kemo, zagaye shida. Bai ɓoye ba, bai kuma yi mini alkawari ba. Malam ya riƙe ƙarfen gadon yana ta innalillahi. Ashe wayar da yake fita yi, da yayansa ce, yana neman wanda zai lallashe ni in je asibiti.

Da aka bar mu mu biyu na ce wa Sista, "Gaya mini gaskiya, takardar nan ce ta kai A'i lahira?" Ta gyara mini filo. Ta ce, "Ba na maganar wata da wata. Ke ma duk wanda ya tambaye ni ke, amsar da zai samu ke nan, ko mijinki ne."

Haushi ya kama ni. Har muka wuce kasuwa ina jin haushin, daga nan kuma ban san inda ya tafi ba.

Da muka dawo na cinye malmala guda har da suɗi.

Asabar, 30 ga Agusta

Na je Gwaram. Dada ta ce, "Babba da ba da haƙuri ba ya raguwa." Na bayar. Zahara'u ta ce sai ta yi tunani, alhali jakarta na bakin ƙofa a ɗaure.

Aji huɗu an ba wani.

Alhamis, 25 ga Satumba

Kwana takwas da zagaye na farko. Tun shekaranjiya yatsun ƙafata kamar ana tsira musu ƙaya, silifas ya fita ban ji ba. Babu wannan a cikin goman, kuma yau ba Litinin ba ce.

Na kira Sista Rose. Gaisuwa ce kawai, an kwana biyu, kuma na ji an yi ruwa mai yawa wajensu. Da yake muna cikin magana ne na ambaci yatsun. Ta ce in dakata ta ɗauko biro.

Na dakata. Har na maimaita mata a hankali, don kada ta rubuta ba daidai ba.