Kogin Kaduna a Gaban Rigata

Ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar taki? Mu nan Unguwar Shanu sai godiya.

Kin san tun da aka sallame ni daga aiki, da duk karatuna, ba abin da ke burge ni. To, yau ina da labari: na shiga ajin koyon zane da fentin mai a Kawo! Malamar sa'ar autata ce, amma da ta nuna mini yadda ake haɗa shuɗi da fari, wallahi nan take na ɗauki buroshi na fara gwadawa.

Ranar Asabar na gama zanen farko, Kogin Kaduna. Don kada 'yan majalisar ƙofar gida su ga tsoho da kayan wasan yara, sai na cusa allon cikin farar babbar riga. Ashe fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba. Kafin in iso, shuɗi ya ɓullo ta gaba. Maƙwabcina Alhaji Sani ya ce, "Malam Garba, a kogi ka faɗa?" Aka kwashe da dariya. Dole na fito da allon. Alhaji Sani ya duba, sai ya ce, "Kai, ga gadar nan!"

Rabi, ya gane ta! Rigar ta lalace, ban damu ba. Yanzu a hannu nake riƙe allona, kowa ya gani.

Ki sa ni a addu'a, Allah ya bar mini idanuna. Ki gaida maigidan da yaran duka.

Yayanki,
Garba