Sifilin Nafisatu da Waken Sadakar Arba'in

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ingilishi,
Reshen jami'armu da ke Dapaong.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan abokan aiki. Allah ya sa haka, amin.

Mushe, kamar yadda muke kiran maigida da Faransanci, ni ce malamar da ke koya wa ɗaliban shekarar farko karatu da fahimta, wadda kwamitin ladabtarwa ya dakatar, sannan ya mayar da ita bakin aiki a makon jiya. Da godiya zan fara. Ranar da aka sanar da ni hukuncin, na fita bayan ofis na zauna gindin dogon yaro na sha kukana, kukan daɗi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tun ranar nake barci har asuba. Mahaifiyata ma a Kpangalam, unguwarmu ta Sokodé, ta daina bugo waya tana lallashina in komo gida in taya ta sayar da atamfa.

Na riga na rubuto maka da Faransanci ta hanyar ofis. Wannan kuwa da Hausa na yi ta, a bainar jama'a, domin rabin labari ne ya isa zangon Sokodé, har wasu na cewa guba na shigo da ita aji. Na kuma san Hausa ba ta gagare ka ba. Na sha jin ka kana cinikin nama da ita a kasuwa, mahauta kuma ba sa samun komai a kanka.

1. Darasin da ya jawo magana

Karatun yana cikin littafin da sashe ya amince da shi, ba ni na ƙago shi ba. Yana bayani ne a kan maganin ƙwari: yadda yake tsare amfanin gona, da yadda ruwan sama ke wanke shi zuwa rafi, kifi ya mutu, ƙudan zuma su ƙaura, ƙasa ta gaji. Sai dai gonakin da ke ciki da jirgin sama ake yi musu feshi. Ɗalibaina suka yi ta rera shi kamar hadda, bakinsu na motsi, hankalinsu na can wajen abincin rana. Alhali yawancinsu 'ya'yan manoman auduga ne daga Bombouaka da kewaye, sun tashi suna ganin iyayensu da injin feshi a baya.

Ka sani, na sani, da yawa daga magungunan da ke kasuwanninmu ta Gana da Najeriya suke shigowa, rubutun jikinsu kuma Ingilishi ne. Manominmu, wanda ya yi lakwal, wato boko, Faransanci ya koya, wanda ya yi makarantar allo ajami ya iya. Da kalar kwalba yake zaɓa, da kuma abin da mai sayarwa ya gaya masa. Shi ya sa na ce kowane ɗalibi ya sa a turo masa hoton kwalbar da ke gidansu ta waya, ya karanta mana rubutun a aji, ya fassara da harshen gidansu, Moba ne, Tem ne, ko Hausa. Hoto na ce. Kwalba ko ɗaya ba ta taka ƙofar ajina ba, ɗalibai kuwa duk shaidu ne.

2. Abin da Nafisatu ta karanta

Nafisatu, wadda da izininta nake kiran sunanta, 'yar unguwarmu ce, Kpangalam. Mahaifinta mahauci ne, ya rasu a tsakiyar zangon karatun nan, ta je ta'aziyya ta dawo idonta bai gama bushewa ba. Yayarta ce ta turo mata hoton, da bayanin cewa kwalbar ta baffansu ce, yayan marigayin, wanda ke noma a Aouda. Shi ya kawo waken da za a yi sadakar arba'in da shi, da ya ga ƙwari sun fara huda shi sai ya yayyafa masa maganin don ya kai ranar.

Ranar Laraba ta miƙe a gaban aji tana karantawa tiryan-tiryan, don ita harshenta ba ya sarƙewa. Ta karanta cewa na auduga ne kaɗai. Ta karanta cewa kada ya taɓa abin da mutum ko dabba za su ci. Ga jan layi a gindin kwalbar, ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

Sadaka ranar Juma'a ce. A gidajenmu kuwa tun Alhamis mata ke surfa wake su jiƙa don ƙosai, a ware na dafawa da shinkafa. Malamai za su ci, maƙwabta za su ci, a cika kwanuka a bi gida gida da su. Jarrabawar ƙarshen zango ta darasina ita ma ranar Alhamis ɗin ce.

3. Me ya hana ta buga waya?

Wannan ita ce tambayar da kwamiti ya yi ta nanatawa da jin ta bar jarrabawa ta tafi Sokodé da kanta, ita ce kuma dalilin da aka rubuta mata sifili. Mushe, ta buga. A gabana ta buga wa mahaifiyarta, wadda ke cikin takaba. Uwar ta ce ta rufa mata asiri, ta yaya matar mamaci za ta buɗe baki ta ce a zubar da gudummawar yayan mijinta? Yayarta ta ce za a wanke waken sau da yawa a shanya, ai haka aka saba. Baffan kuwa, a wurinmu 'ya ba ta kiran babban uba a waya ta ce masa abin da ya kawo don ran ƙaninsa guba ne. Kafin ta rufe baki an ce boko ya lalata ta, wayar ta mutu, waken kuma ya shiga turmi.

Maganar irin wannan da ƙafa ake kai ta, a durƙusa, a nemi wanda zai shiga tsakani. Ni 'yar zango ce, na san haka kamar yadda na san sunana. Na je ofishinka ban same ka ba, kana taro a Lome. Sai na ce mata ta kama hanyar tasha, jarrabawa ni zan ji da ita. Ni na ba ta izini, da bakina. In akwai laifin rashin takardar izini, nawa ne, kuma an riga an hukunta ni an yafe.

4. Abin da ya faru a Sokodé

Ba gida ta fara zuwa ba. Wajen limamin unguwa ta nufa, ta karanta masa rubutun ta fassara. Liman ya aika aka kira malamin gona, ya duba kwalbar, ya ce wanki da shanya ba su isa a amince da wannan wake ba, kada kowa ya ci, har dabba. Sannan suka tafi wurin baffan tare, liman a gaba, ita a baya kanta a ƙasa.

Tsohon ya fusata da farko, ya ce shekara da shekaru yana haka bai kashe kowa ba. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don da garin maganin ajiya ya saba. Bana ne mai sayarwa ya ce masa wannan na ruwan ya fi ƙarfi, maganin ƙwari kuma duk ɗaya ne. Da aka karanta masa abin da ke jikin kwalbar layi bayan layi, sai jikinsa ya yi sanyi. Aka ce ya daɗe yana kallon buhunan, sannan ya share ido da bakin rawani ya ce a fitar da su.

Malamin gona ya nuna inda za a binne waken, nesa da rijiya. Matan Kpangalam kuwa, Allah ya saka musu, kafin la'asar ta yi, wannan ta kawo kwanon wake, waccan ta kawo rabi, har aka tara abin da ya isa. Aka yi sadaka, aka yi addu'a, kowa ya ci ya koma gida da ƙafarsa.

Ba zan ce maka lallai da an ci da an mutu ba. Ni ba likita ba ce, gaibu kuma na Allah ne. Abin da na sani shi ne mahaifiyata na cikin waɗanda aka kai wa ƙosan ranar. Duk sanda na tuna haka sai in yi ta hamdala.

5. Abin da ya rage

An mayar da ni aji, amma an bar sifilin Nafisatu. Da shi za ta maimaita shekara, marainiya kuwa da uwa a takaba, kowa ya san maimaita shekara a wurinta barin karatu ne. An kuma cire darasin daga manhaja, wai ya fi kama da aikin malaman gona. An ba ni wani a madadinsa, labarin hutu a bakin teku. Ba ni da faɗa da teku, Mushe, amma ɗalibaina ba a can za su gamu da Ingilishi ba.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi:

Na farko, a ba Nafisatu dama ta zauna jarrabawar. Wani malami ya fitar da tambayoyin, wani ya duba, kada a ce na yi son kai. Ba maki nake roƙar mata ba, kujera da takarda kawai.

Na biyu, a maido da darasin, tare da aikin karanta jikin kwalba ta hoto. In sashe na so malamin gona ya zauna tare da mu ranar, maraba da shi.

Na uku, a yi tanadin wanda zai ba ɗalibi izinin gaggawa idan ba ka nan, don kada wani ya sake tsayawa yana zaɓa tsakanin jarrabawa da mutanen gidansu.

Har yanzu tana zuwa aji, ta zauna a kujerar baya, ko da yake ta san sunanta na cikin waɗanda suka faɗi. Wayarta kuwa ba ta hutawa. Baffan nan nata ya bi maƙwabtansa a Aouda yana gargaɗi, yanzu ba mai buɗe sabuwar kwalba a can sai an turo mata hoto ta karanta musu abin da ke jiki. Wannan yarinyar ce, Mushe, takardunmu suka ce ta ci sifili a karatu da fahimtar Ingilishi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya raya maka zuriya, ya tsare abin da ke shiga cikinsu.

Wassalam.

Taka a bakin aiki,
Malamar karatu da fahimta, ajin shekarar farko,
'yar Kpangalam mazauniyar Dapaong.