Jan Zare da Baƙin Zare

Maigidana, inuwata, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar rani,

Ba ranar da aka fita da kai na gane ka tafi ba. Shekaranjiya ce. Ina cikin shanya na ji ƙamshin ƙasa, na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi, sai na ruga ina kira, "Baban yara, hadari!" Sai da na kai bakin ƙofa na tuna. Takalmanka kawai na tarar.

Ashe damina ba ta san an yi rasuwa ba? Shamuwa ta dawo, kwaɗi sun fara kuka, maƙwabta suna wasa fartanya. Komai ya san lokacin dawowarsa, sai kai kaɗai!

Tsoro nake ji, masoyina. Irin masarar da ka rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari, ɗauri biyu ne, ɗaya da jan zare, ɗaya da baƙi. Na san ɗaya mai saurin nuna ce, ta fadama, a girbe ta kafin kogi ya cika. Ɗayar mai nawa ce wajen nuna, ta tudu. Amma wacce ce wacce? Shekara sha tara ina miƙa maka su, ban taɓa tambaya ba. Ka tuna bara, kana gutsirar ƙwaya da haƙori, na ce ko ni ban samu kallon da masara ke samu ba? Ka yi dariya, ka ce ai ni ce mai saurin, kafin a taɓa ni na tafasa. Da na sani, da a nan na sa ka nuna mini zarenta.

Ƙaninka ya ce in gauraya su in huta. Inna ta jujjuya su a inda suke rataye, ta ce idonta ya mutu. In na kuskure, kogi zai kwashe mai nawar tana ɗanya, irin da ka gada wurin mahaifinka ya ƙare a hannuna. Yaya zan yi da wannan, hasken gidana? Ka zo mini ko a mafarki, kalma ɗaya ta ishe ni.

Taka ce ni, rani da damina, har a kwantar da ni inda aka kwantar da kai.

An ce ruwan shuka ba zai wuce kwana uku ba. Har yanzu ban sauko da irin ba.