Akwai Shawara, Ka Kira

Zuwa ga Mai jego,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, sannu da arziki, sannu da wahala. Allah Ya raya mana, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kin san ba na iya magana a waya a ɗakin nan namu, ƙarti sun cika shi, kowa kunnensa a bakin ɗan'uwansa. Shi ya sa nake rubutawa a takarda da hutun rana, in ɗauki hotonta in turo. A kan murfin duro nake rubutun nan, a gindin wani jirgin ruwa da muke yi wa walda, sai ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Hoton yaro ya iso. Na yi ta ƙara girmansa da yatsa har na ga farcensa. Farce, Mai jego! An yanke an gyara, kamar wani ya zauna ya yi aikin a tsanake. Ni da nake yini ina haɗa ƙarfe da ƙarfe, ko na yi iya yina sai an ga tabon haɗi. Na duba yaron nan sama da ƙasa, ban ga inda aka haɗa ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi shi.

Na ji Inna tana ta shela wai an haifa mata jika jawur. Ki tambayar mini ita inda ya samo. Ni dai gawayi ma kallon ɗan'uwa yake yi mini, ke kuma ba ki fi ni da wani abin kirki ba.

Sai kuma Yaya. Saƙonsa ya shigo jiya, guntu kamar kullum: "Akwai shawara, ka kira." Ban kira ba. Da aka kwashe kayan ɗakinmu aka mayar gidan Inna, a bakin maƙwabci na ji. Yau ne aka tuna ina da baki? Ban ce bai yi ƙoƙari ba, shi ya kai ki asibiti ina nan ina hura wa jirgin wasu wuta. Amma ki ce masa su yanke shawararsu yadda suka saba, na sa albarka.

Naki,
Baban jariri. Sunan bai gama zama a bakina ba.

*

Zuwa ga Maigida,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya aiki, ya idon naka?

Na karanta takardarka, na rasa dariya zan yi ko kuka. Ba waccan shawarar ba ce, Baban jariri. Ciwon shawara ne. A jikin yaron take.

Farin da Inna take wa guɗa ba fari ba ne. Da muka koma awo, nas ta kai shi bakin taga, ta danna goshinsa da yatsa ta ɗaga, sai wurin ya fito rawaya kamar ƙwanduwa. Ta buɗe idonsa, farin idon ma haka. Ni kuma ina ta yabonsa wai ba shi da rigima, ashe barcin nan da yake yi har ya ƙi kama nono, na ciwon ne. Sun ɗebi jini a dugadugansa, suka ce ba za mu koma gida ba.

Yanzu yana cikin wani ɗan gado, tsirara sai nafkin, an rufe masa ido da ƙyalle mai laushi, an kunna masa wata shuɗiyar wuta a sama. Sai lokacin shan nono nake ɗaukarsa.

Inna ta ce sam. Wai ita shanya 'ya'yanta ta yi a hantsi, ta ba su jiƙo, ga ku nan ƙarti. Tana so a sallame mu. Yaya ya ce shi ba zai sa hannu ba, ba zai hana ba, ɗa na ubansa ne. Ka ga yanzu ta zama shawarar gaske. Ka yi magana.

Matarka.

*

Mai jego,

Salamu alaikum. Ki karanta a hankali.

Na ɗauki alhakin Yaya, zan ba shi haƙuri da bakina. Wannan daban.

Shuɗiyar wuta kika ce? Ku kun san mece ce shuɗiyar wuta? Ni na san ta, da ita nake ci. Ba a kallonta sai ta bayan baƙin gilashi. Ranar da ta fara shammatata, ƙiftawa ɗaya ce, na yini kamar an zuba mini yashi mai zafi a ido, hawaye ya ƙi tsayawa. Wuyana inda riga ba ta rufe ba ya saɓule ya sake saɓulewa. Akwai wani dattijo a nan da ya tsufa a aikin, yanzu sai ya kai kofi bakin hanci yake gane na shayi ne. Wannan ga ƙato ke nan mai fatar bayan kada. Shi ne za a tuɓe ɗan tsurut ɗin nan a shimfiɗa mata? In ba ta cutarwa, me ya sa suka rufe masa ido?

Jiƙon Inna kada ya shiga bakinsa, ban yarda ba. Amma ki fitar mini da ɗana daga ƙarƙashin wutar nan. Su ba shi magani, su yi masa allura, duk abin da suka ga dama. Na turo wa Yaya haka.

An nemi bakina, to ga shi.

Mijinki.

*

Maigida,

Ina gaishe ka da girmamawa, kuma ina neman gafararka tun kafin ka kai ƙarshen takardar nan. Ban fitar da shi ba.

Yaya ya zo da saƙonka a waya, ya tsaya a bakin ƙofa, Inna na bayansa da zanen goyo a kafaɗa. Na ce su ba ni zuwa gobe. Inna ta ce, "Au, yau kuma kin fi ubansa sanin ɗansa?" Na ce, "A'a Inna, na dai fi shi kusa."

Na karanta wa likita takardarka. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mijinki ya san wutarsa, amma wannan ba ita ba ce, abin da ke ƙona ku babu shi a cikinta, rufe idon kuma kariya ce don yana daɗewa a ƙarƙashinta. Ta ce hantarsa ce ba ta yi ƙwarin tace rawayan nan daga jininsa ba, shi ne hasken ke ratsa fata ya farfasa shi, ya fita ta kashi da fitsari. In aka bari ya yi yawa, ƙwaƙwalwa yake taɓawa, kuma abin da ya taɓa ba ya gyaruwa. Hantsin Inna bai isa ba, allura kuma babu ta wannan.

Ban tsaya a maganarta ba. Na zura hannuna ƙarƙashin wutar na bar shi har ya yi sanyin gajiya. Ko ɗumin kirki babu. Kuma ɗazu ya kama nono da ƙarfin da sai da na ce wayyo, ban taɓa jin daɗin zafi irin wannan ba. Sun ce awon jinin ya fara sauka, amma da saura.

Gobe da hantsi Yaya zai dawo. Ya ce in bai ji wata magana daga gare ka ba, ta farko zai bi. Ni ba zan iya kokawa da su biyu ba, ɗinkina ko warkewa bai yi ba.

Matarka.

*

Mai jego,

Aminci ya tabbata a gare ki. Da na gama karantawa na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ajiye abin walda na ce wa shugaban aiki cikina ke ciwo. Ƙarya ce, ko da yake ba duka ba.

Akwai asibiti a bayan tashar jiragen. Na je da kayan aikina, duk baƙin mai, ina tambayar ɗakin jarirai da guntun yaren ƙasar nan da na iya. Mai gadi ya so ya kore ni. Wata nas mai furfura ta ga hoton yaron a hannuna, ta danna nata goshin da yatsa tana kallona, na ce e. Sai ta ja ni zuwa wata tagar gilashi.

Mai jego, ɗaki ne guda shuɗi kamar an nutsa shi a ruwa. Ga su nan a jere, 'ya'yan mutane iri-iri, kowa da ɗan ƙyallensa a ido, ciki yana hawa yana sauka. Hannuna da kansa ya tashi zai sauke gilashin fuska, ya tarar babu. Na runtse ido ina jiran yashin nan. Bai zo ba. Na buɗe, na kalli shuɗiyar wutar ido da ido. Wani ɗan ƙarami ya yi miƙa, ya baje yatsunsa a cikin hasken kamar mai shan iska a inuwa.

Tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da aka yi don a tausaya wa mutum ba sai yau. Haske kawai, babu wuƙa babu ɗaci, ya shiga jikin ɗan mutum ya wanke masa jini. Na tsaya ina ta tasbihi har gilashin ya yi gumi da numfashina, matar nan ta miƙo mini kujera.

Kin saɓa mini, kuma kin yi daidai. Biyun duka na rubuta, kada ki ce na manta ɗaya.

Naki har kullum.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, tare da ban haƙuri kan kiran da ban yi ba. Na janye maganata ta farko. Kada ka sa hannu a komai sai likita ta ce ya isa. Abin da uwarsa ta faɗa, ni na faɗa.

In Inna za ta yi faɗa, ka ba ta lambata ta yi da ni, kafin ya iso nan ya huce.

Gobe ka je da hantsin kamar yadda ka ce. Ka tsaya a bakin ƙofar nan, kada kowa ya fito mini da shi.

Ƙaninka.